Kuskuren da Malam yake dasawa

Daga Kano na je Haɗeja da jaka ɗaya da kwamfuta ɗaya, ina ganin wata huɗu zan gama in koma. Wata ƙungiyar manoman shinkafa ce ta ba ni aiki. Suna so a yi musu manhaja: masu duba ruwa a bakin kogi su riƙa shigar da inda ruwa ya kai, idan ya wuce alama, sai saƙo ya tafi wayoyin manoman da ke ƙasa da wurin, su san ambaliya na tafe.

Mutum uku na ɗauka. Biyu samari ne, ɗaya Bafulatanin Kaugama, ɗaya Babarbare daga wajen Baturiya. Na ukun dattijo ne mai ritaya, kowa Malam yake ce masa. Ya fara taɓa kwamfuta tun zamanin da fetur ya fara daraja, lokacin da ake huda kati a zura wa na'ura. Sauran duk da kansa ya koya. Da na ji samarin nan biyu ɗalibansa ne a sakandare, har murna na yi. Na ce sun san juna, aiki zai yi sauri.

Dokata ɗaya ce. Duk abin da mutum ya rubuta, ba ya shiga manhaja sai wani ya duba ya nemo kuskure. Samarin kuwa kamar jira suke. Ga wasan Fulani da Barebari, ga aiki.

"Wannan layin da sanda ka rubuta shi ko da hannu?" in ji Babarbaren.

"Bawana, gyara kawai aka ce ka yi, ba a ce ka yi magana ba."

Haka suke yini. Amma idan aikin Malam ne ya zo gabansu, minti biyar sun mayar. "Ya yi, Malam. Allah ya ƙara basira." Ni kuma na ɗauka ƙwarewa ce.

Ranar gwaji muka tara shugabannin ƙungiya a ofis. Aka shigar da cewa ruwa ya hau. Saƙo ya tafi, amma ga ƙauyukan da ke sama, waɗanda ruwan ya riga ya wuce su. Na ƙasa, masu buƙatarsa, ko ɗaya bai samu ba. Malam ne ya rubuta wannan ɓangaren, ya juya jerin ƙauyukan. Da damina ce ta gaske, da mutane sun tashi sun tarar da gonakinsu a ruwa.

Shugaban ƙungiya ya ja ni gefe. "Hajiya, aikin nan na yara ne. Ki sallami tsohon nan da mutunci kafin ruwa ya sauka." Ya ba ni mako guda.

Na kira samarin bayan Malam ya fita sallar la'asar. Na ce wa ya duba wannan? Da na matsa, Bafulatanin ya ce, "Yaya, mun daɗe muna ganin irinsu. Sai mu bari ya shiga, daga baya mu gyara a ɓoye. Wannan na zaci shi zai gyara, shi ma ya zaci ni ne."

"Me ya hana ku rubuta masa cewa ga kuskure?"

Ya dube ni kamar na ce ya zagi babansa. "Shi ya koya min riƙe linzamin kwamfuta. In ce masa bai iya ba?"

Na ce to zan ɓoye sunaye, kowa ya duba bai san na wa ba ne. Babarbaren ya yi dariya. "Yaya, mutumin da ke fara kowane shafi da bisimilla? Ko a duhu mun san nasa."

Kwana biyu ina juya abin. Sallamarsa ita ce mai sauƙi, kuma ba wanda zai ga laifina. Amma duk cikinmu shi kaɗai ya san kogin nan. Shi ya gaya mana inda ciyawar kacalla ke toshe hanya ruwa ya koma ta baya, da ƙauyen da a taswira yake nesa amma ruwa ke fara isa. Kuskurensa kuma irin na kowa ne. Ni ma ina yi. Bambancin, ni ana gaya min.

Na hau adaidaita na je gidansa. A zaure ya karɓe ni, aka kawo ruwa. Na faɗa masa komai, har maganar shugaba, har gyaran ɓoye. A nan ne fuskarsa ta canza.

"Wato tausayina suke ji," ya ce.

"Kunyarka suke ji, Baba."

"'Yata, ki ba ni gobe. Idan bai yi ba, ni zan kawo miki takardar ajiye aiki da hannuna."

Washegari ya zo da jan biro a aljihun gaba. Bai zauna ba. Ya ce da su, "Na lura kun yi sanyi. Daga yau, duk aikin da na miƙa, na dasa kuskure a ciki da gangan. Ba zan faɗi ko nawa ba ne. Wanda ya mayar min bai samo ba, ya faɗi jarrabawa."

Ka ga yara sun gyara zama. Kafin azahar Babarbaren ya ɗaga hannu, kamar a aji. "Malam, na samo uku."

Malam ya leƙa allon, ya daɗe a kan na ukun.

"Saura ɗaya," ya ce. "Koma."

Na je na gaya wa shugaba cewa Malam yana nan, in kuma ya tafi to tare za mu tafi. Ya yi gunaguni, ya ce a sake gwaji. Aka sake, saƙo ya je inda ya kamata.

Wata bakwai na yi a Haɗeja. Kullum sai an samo wa Malam kuskure, kullum sai ya ce shi ya dasa. Ban taɓa tambayarsa guda nawa ne na gangan ba, su ma ba su tambaya ba.