Yatsan Don Melquiades

Ranar da motar kamfanin haƙar tagulla ta hawo Pukarumi, can kan tsaunukan Peru, ƙanƙara ta zuba tun hantsi har ta kwantar da ganyen dankali. Kowa ya fake. Don Melquiades Ccori ne kaɗai ya tsaya a fili yana yi wa baƙi murmushi.

Makiyayi ne da bai taɓa son tumaki ba. Ya taɓa ɗan zama a birni yana saurayi, tun daga nan kunnen mutane bai huta ba. Da baƙin suka ce yanzu an daina tara jama'a, ta waya ake jin ra'ayinsu, hannunsa ne ya riga na kowa tashi. Suka ba shi wayar, suka kira shi wakili.

Tambayar ɗaya ce: an yarda kamfani ya ja ruwa daga idon ruwan da ƙauyen ke sha? A kan wayar, danna kore na nufin e, ja na nufin a'a.

A Pukarumi ba a amsa irin wannan ɗaiɗai. Zama ake yi, ana tauna ganyen koka, wanda shi ne goronsu, a yi ta ja har a tashi da baki ɗaya. Aka zauna, aka tashi da a'a.

Yayarsa Doña Eulogia, wadda garkenta ya fi na kowa shan ruwan, ta ce, “To, sai mu bi layi kowa ya danna ko?”

“Haba yaya, ke da ko agogo ba ki iya dubawa? Wayar ta san ni ne wakili. In na danna, gari ya danna.”

“Allah ya sa ta fi tumakinka saninka, ɗan birni.”

Sai a tudun maƙabarta waya ke kamawa. Ya yafa bargonsa na biki ya hau, gari na biye. Ya danna ja. Wayar ta ce muryarsa na da muhimmanci. Ya sa ta maimaita don na baya su ji.

Da rahoto ya fito, mutum ɗaya ne ya ƙi a Pukarumi. Can garin da ke gindin tsaunin kuwa, direbobi da masu shaguna da ke jiran ciniki, waɗanda ba su taɓa kurɓar ruwan ba, kowa ya danna kore, wasu da waya biyu. Rahoton har ya yaba wa ƙauyen da rashin hayaniya.

Melquiades ya sauka ofishin kamfanin kai kuka. Aka ba shi kujera da shayi, aka ce ƙorafi ta waya ake yi. Tasa kuwa an rufe layinta ranar da aka gama jin ra'ayi.

Kafin rani biyu idon ya ƙafe. Eulogia ta sayar da garkenta, ta koma wurin 'yarta, ba ta yi masa sallama ba. Shi yana gadin ƙofar mahaƙar yanzu, yana ɗaga wa tankokin ruwa sandar shinge su wuce.