Ƙofar da Ta Ƙi Keken Mai Rediyo

Mai Rediyo bai taɓa shiga ɗakin likita da kansa ba. Shan inna ta kama shi yana ɗan shekara huɗu, ta kwashe ƙarfin ƙafafunsa, amma bakinsa kam ba ta taɓa shi ba. Wajen kawunsa ya koyi gyara, kuma yau shekara talatin ke nan yana ɗan shagonsa na bakin titi, tsakanin matattun rediyoyi da wayoyi, dalma tana hayaƙi shi yana zuba surutu.

Kekensa mai ƙafa uku, wanda ake murzawa da hannu, wani mai walda ne ya haɗa masa, faffaɗa, da akwatin kayan aiki a baya. Ko'ina yana kai shi, ban da tsohon asibiti mai matakala bakwai. Can sai ƙannensa biyu sun ciccibe shi, su dire shi gaban likita, su tsaya a kansa suna haki. Likita ya tambayi abin da ke damunsa, shi kuma ya saci kallon ƙannen ya ce ciwon kai. Ƙarya yake yi. Shekara shida yana fama da ciwon mafitsara, irin wanda babba ba ya faɗa gaban na baya da shi.

Rannan Hajiya mai kantin kayan gini ta kawo wayarta gyara. Ita da wasu 'yan kasuwa biyu suka haɗa jari suna gina asibiti a ƙarshen layi.

"Ba sadaka ba ce, Malam, kasuwanci ne," in ji ta. "Amma na kowa ne. Makaho da kurma da irinku, kowa ya shiga da kansa. Ko matakala ɗaya babu."

"Hajiya, maimaita! Babu me?"

Daga ranar Mai Rediyo ya zama ɗan sanarwar asibitin ba tare da kowa ya ɗauke shi aiki ba. Duk wanda ya kawo gyara sai ya sha labarin gangarar simintin da aka yi maimakon matakala kafin ya karɓi kayansa. Matarsa har tana zolayarsa, wai ko shi ma da jarinsa a ciki ne aka ɓoye mata.

Saura mako guda a buɗe, Hajiya ta ce ya zo ya gwada. Ya sa sabuwar riga, ya murza keke ya haye gangarar nan, leburori suna tafi, shi yana dariya har da ƙwalla. Ya wuce babban zaure, ya nufi ɗakin likita da gudunsa. Sai ji aka yi ƙwas! Tayoyin baya sun cije a ƙofa, hagu da dama.

Injiniyan ginin ya taho da takardarsa, ya rantse awon daidai yake da keken asibiti da ke cikin littafi.

"Ɗana," in ji Mai Rediyo, "a unguwar nan wa ka taɓa gani da keken littafi? Namu duk na mai walda ne."

"To ai da sauƙi, Baba. A bakin ƙofa sai a mayar da kai kan namu."

"Wa zai ɗaga ni?"

Murnar wata huɗu ta zube masa lokaci guda, har ya fara juya keken baya. Hajiya ta dubi bangon da aka gama shafa wa fenti jiya, ta ja dogon numfashi.

"A ɗauko guduma a kantina," ta ce. "Malam, ka tara mini duk masu keke da ka sani."

Washegari kekuna goma sha ɗaya suka yi layi a harabar, ana ta ihu da tsokanar juna. Na wata mai sayar da sabulu ya fi kowanne faɗi, da shi aka yi awo. Ƙofa tara aka fasa. Abokan jarin Hajiya suka yi ta ƙorafin an ɗaga buɗewa da mako uku, ta ce musu waɗannan ma masu zuwa ne da iyalansu, in ba a so su tafi wani wuri to a bar ta ta yi aikinta.

Ranar buɗewa, tun kafin masu shara su gama Mai Rediyo ya iso. Ƙannensa suka biyo shi kamar yadda suka saba, har ɗaya ya naɗe hannun riga.

"Ku zauna a benci," ya ce musu. "In na fito na same ku."

Ya murza ya shige, ko gogar bango bai yi ba. Ya miƙa hannu ya tura ƙofar da kansa har ta rufe. Likita ya ajiye biro ya gaishe shi.

"Baba, me ke tafe da kai?"

Mai Rediyo ya waiga. Babu kowa a bayansa.

"Likita," ya ce, "gyara zama. Maganar shekara shida ce."