Jan Bargon Inna

A rediyon mota na ji shi, ina tsaye a danja a unguwarmu ta La Guillotière. Mawaƙin nan ne, abokin ƙanena na yarinta, yana yi wa wata 'yar jarida bayani da Faransancinsa na Paris a kan yadda ƙungiyarsu ta kiɗan rok ta samu suna Jan Bargo. Wai kakansa mayaƙin sahara ne, jan bargo yake shimfiɗa wa raƙuminsa in za shi fagen fama. Kai! Kakan nan na san shi, tela ne a Maraɗi. Shi kuwa jikan ko akuya bai taɓa ja ba.

Ni na san inda sunan ya fito, don a ɗakin ƙasa na shagon Innarmu aka haifi ƙungiyar, tsakanin buhunan shinkafa da busasshen kifi. Su huɗu ne, ƙanena ke kaɗa ganga. Maƙwabta suka yi ta ƙorafin ƙara, har mai gidan ya ce zai kore mu. Inna ba ta hana su ba. Ta ɗauko jan bargon da ta zo da shi daga Damagaram, ta ce wa ƙanena ya cusa cikin babbar gangar, ƙara za ta ragu. Ta kuwa ragu. Daga nan duk wanda ya zo kallo sai ya ce, "Ina 'yan jan bargo?" Shi ke nan tarihin, babu raƙumi ko ɗaya.

Da Paris ta kira su, ƙanena na aiki a masana'anta a Saint-Fons, nan kusa da mu, bai iya ajiye aikin nan take ba. Ya roƙi a jira shi wata guda. Suka tafi da gangar da bargon, suka ɗauki wani makaɗi, ko waya ba su yi masa ba. Bai taɓa zaginsu ba, ni ce mai zagin. Amma bayan rasuwar Inna ya ce mini abu ɗaya yake so, bargon nan.

Maganar rediyon ce ta tunzura ni na hau jirgin ƙasa zuwa Paris. Na same su da rana a wani zaure kusa da unguwar La Goutte d'Or suna gwajin kaya. Mawaƙin ya ƙara ƙiba, ya naɗa rawani kamar wanda aka ɗaure wa ciwon kai.

"Yaya! Ça va? Ina Inna?"

"Ta rasu bara. Bargonta na zo karɓa."

Ya yi ta'aziyya a gurguje, ya nuna mini wani sabo fil da suke ratayawa a bayan dandamali, har da hoton raƙumi. Wai in ɗauki wannan, ya fi kyau. Wallahi tausayinsa ma na so in ji, ban samu ba.

Na wuce shi, na durƙusa gaban gangar, na zura hannu. Yana nan, ya yi ƙura, duk shekarun nan ba wanda ya taɓa wanke shi. Na jawo shi. Makaɗin ya taka abin bugun da ƙafa, gangar ta yi wata ƙara kamar an doki fanko.

"Yaya, za ki ɓata mana wasa!" in ji mawaƙin.

"Je ka aro na kakanka," na ce.

Da na miƙa wa ƙanena, bai tambayi ko sun ambace shi ba. Ya kai bargon hancinsa, ya daɗe, sannan ya ce kada in wanke.