Direban da Bukar Ya Tafi Nema

Shekara goma sha ɗaya ke nan da ƙanena Bukar ya hau mota zuwa Azare, bai dawo ba. Ni na goya shi, ni na yaye shi, don haka kada kowa ya ce min in yi haƙuri. Na yi, har ya ƙare.

Bidiyon biki yake haɗawa a wani ɗan shago a Mairi. Ya sayo katin girafik, wanda ke sa hoto ya fito tas, ya cusa a kwamfuta. Sai fuskar kwamfutar ta yi baƙi. Da ta dawo, rubutu ya kumbura, amarya na tafiya tana tsayawa. Ya ce manhajar da ke tafiyar da katin ce babu, direba suke kiranta, kuma faifan da ya zo da shi ya ƙi karantuwa. Lokacin an yanke mana sabis a garin nan. Mai son waya ma sai ya bar jiha. Ya ce zai je Azare ya sauko da direban daga intanet.

Na ce, "Kai, hanyar nan ba ta biyuwa."

Ya ce, "Ya Falmata, amaryar mutane ce fa, in kai musu ita tana ɗingishi? Direban kawai zan zuba a filash in juyo."

An tare motarsu a hanya. Ba mu ga gawa ba.

Na ɗauko kwamfutar na rufe da zane. Lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba. Da furfurata na shiga ajin manya, daga nan na koyi kwamfuta, ana min dariya.

Bana na buɗe ta. Na karanta lambar katin, na sauke direban a wayata, na cire na tsohon katin daga kwamfutar, na sa sabon. Kafin ruwan shayi ya tafasa an gama. Da Bukar na nan, ban san ko dariya zai yi ko zagi ba. Ni dai zama na yi. Ban ji komai ba.

Na kunna bidiyon. Amarya ta taka sumul. Fuskarsa ba ta fito ba, shi ke riƙe da kyamara. Muryarsa kawai: "Hajiya, ɗan matsa, kin tare min haske."

Na nemo amaryar a Dala, da goyo a bayanta. Na miƙa mata bidiyon, na ce, "Ga aikinki. Bukar ya gama."