Fuskar da Na Zana wa Sojan Dandamisa

A shekarun farko bayan samun 'yancin kai, ni saurayi ne mai ɗaukar hoto a Makarfi, kuma daga nan har Kudan da Ikara babu mai kyamara sai ni. Wata tara kacal na yi ina koyon sana'ar a Zariya, amma ji nake kamar ni na ƙera na'urar. Ba a ba ni shawara in ɗauka. Yanzu na tsufa, hannuna ma rawa yake yi, shi ya sa nake so in fitar da abin da ya daɗe yana cina.

Wata ranar kasuwa da damina, wani dattijo manomin rake daga Dandamisa ya zo rumfata da wani abu a naɗe cikin tsumma. Hoton ɗansa ne cikin kakin soja, wanda aka kai Kwango kuma bai dawo ba. Ya ce shi ke nan hoton da ɗan nasa ya taɓa ɗauka a duniya, kuma bayan tafiyarsa matar ɗan ta haifi 'ya mace wadda ba ta taɓa ganin ubanta ba. So yake in manna hoton a kan kwali mai ƙarfi a rataye, yarinyar ta tashi ta san fuskar mahaifinta. Yana ta shafa gefen hoton da yatsa, domin yanar ido ta fara kama shi, ba ya gani sosai. Na ce Baba ya kwantar da hankalinsa, wannan ai ƙaramin aiki ne.

Na shiga motar kasuwa zuwa Zariya, kantin da ake sayar da kayan hoto. Na sami kwalin, fari mai kauri, amma gam ɗin da ake manna hoto da shi ya ƙare. Mai kantin ya ce in jira mako biyu, kaya na zuwa. Har na kai bakin ƙofa ya sake kirana, ya ja mini kunne cewa kada in kuskura in yi amfani da sitaci. A raina na ce tsoho yana son ciniki ne kawai. Ai da sitacin rogo muka liƙa takardun jam'iyya a bangon gari lokacin zaɓe, ruwa ya yi ta dukansu ba su faɗo ba. Ina dawowa na dama sitaci, na shafa, na manna. Wanda ya tsattsafo ta gefe kuma, don tsabar iya yi, na goge shi a kan fuskar hoton wai ya ƙara ƙyalli. Na danne da littafi, na tura ƙarƙashin gado inda sanyin ƙasa yake, na tafi Ikara ɗaukar hotunan 'yan makaranta.

Kwana biyar na yi. Da na janyo kwalin, kyankyasai suka watse ta ko'ina. Kakin yana nan, hular tana nan, hannayen suna nan. Daga goshi zuwa leɓen sama kuwa sun cinye tas, sai farar takarda. Na zauna a ƙasa. Ba fim ɗin da za a sake wanke wani, ban ma san garin da aka ɗauke shi ba. Kuma wallahi ban tsaya na kalli fuskar mutumin nan da kyau ba lokacin da take hannuna, hankalina yana kan aikina. Jibi kuma ranar da na yi wa dattijon alkawari ce.

Da na faɗi gaskiya a nan, da abin ya tsaya a kuskure. Sai na ɗauko fensirin da muke gyara tabo a hoto, na jingina madubi a jikin taga, na zauna ina kallon kaina ina zanawa. Idona na sa masa, da hancina, da girata. Yini guda na yi a kai, kuma abin takaicin shi ne aikin ya yi kyau.

Na hau keke na kai Dandamisa da kaina. A zaure dattijon ya karɓa, ya kai shi dab da idonsa, ya daɗe yana dubawa. Can ya ce Allah ya yi mini albarka, ya tashi ya shiga da shi cikin gida. Ina zaune na ji wata mace ta fara kuka, sai kuma ta katse shi lokaci guda. Da ya fito ya ce surukarsa ce, ta tuna mijinta. Har da rake ya ɗaura mini a bayan keke.

Mako na zagayowa wata tsohuwa ta zo rumfata, ta ce ita gwaggon matar sojan ce, an aiko ta. Matar ta ce a gaya mini ta san idon mijinta, kuma wannan ba shi ba ne. Ba za ta iya buɗe baki ta yi zancen kamannin mijinta a gaban surukinta ba, ko da za ta iya ma ba za ta raba tsoho da abin da ya rage masa ba. Ta bar ni da Allah.

Dattijon ya rasu, matar ta yi aure a wani gari, hoton ya zauna wurin 'yar. Na ji yanzu tana da jikoki, kuma yana rataye a ɗakinta. Sau uku ina kama hanyar gidanta ina juyowa.

Ku masu sana'a, idan wanda ya riga ku ya ce ku jira, ku jira, mako biyu ba komai ba ne. Idan kuma kun ɓata kayan mutum, ku faɗa masa a ranar, tun abin bai wuce ɓarna ba. Kyankyasai takarda kawai suka ci. Ni ne na sa marainiya ta shekara fiye da hamsin tana kallon fuskata tana yi wa ubanta addu'a.