Addu'ar Ladi Mai Masa

Ladi mai masa ce a bakin kasuwar Gummi, 'yar ƙasar Zuru da aure ya kawo ta. I'ina gare ta, ba kuma 'yar kaɗan ba. Kafin ta gaya maka masa ta ƙare, ka riga ka leƙa kwano ka gani da idonka.

A 'yar majami'armu, idan aka ba ta addu'a a zumuntar mata, da zarar ta maƙale a kan "Uba… Uba…" sai mata su rafka amin, wai su taimake ta. Abin nan yana ba ni haushi. Su tausayi suke kiransa, ni kuwa toshe baki nake gani. Haka ta yi shekaru ba a taɓa barinta ta kai addu'a ƙarshe a gaban jama'a ba. Ita ko a jikinta. Takan ce a ɗaki tana gama tata, don can babu mai sauri.

A shekarar 2016 'yarta Rifkatu ta samu miji, malamin makaranta a Bukkuyum. A wurinmu, kafin a fita da amarya uwa ce ke ɗora mata hannu a ka ta sa mata albarka. Rifkatu ta ji kunyar dangin miji, sai ta roƙi matar fasto a ɓoye ta yi a madadin uwarta. A bakin mutane Ladi ta ji. Ran nan masa ta ƙone mata a tanda, kuma na san ranta ya sosu.

Ranar kai amarya, matar fasto na gyara zani za ta miƙe, Ladi ta riga ta. Ta sha wuya kafin maganar ta fito, amma ta fito.

"Kar kowa shi ce amin sai na ƙare. Wanda yay yi bakin ga ya san nauyinai, shi nika dogara garai."

Ta dafa kan Rifkatu ta fara. Kalma ta tsaya, ta jira ta, ta zo. Wata ta tsaya, ta sake jira, gumi na zuba. Direban da zai kai amarya ya gaji ya kashe mota. Ba ta roƙi dukiya ba, ko zancen haihuwa ba ta yi ba.

"Uba, ka ba ɗiyata gidan da za a saurara mata har ta ƙare magana."

Da ta gama za ta janye hannu, Rifkatu ta riƙe shi a kanta da hannu biyu tana kuka, ta ƙi saki.