Kujerun da Ke Kallon Rafi

Ni dai ban nemi shugabancin kwamitin lambun nan ba. Gara in faɗa tun da wuri, domin har yau akwai masu cewa na bi gida-gida ina kamun ƙafa. Abin da ya faru shi ne, ranar da aka tara mutanen zangonmu na Yendi a ƙofar masallaci, aka ce ana neman wanda ya iya Turanci kuma ba ya gudun taro, sai kowa ya juyo ya kalle ni. Malamin firamare ne ni, shekaruna talatin da 'yan kai. Na ɗan yi noƙe-noƙe kamar yadda aka saba, amma wallahi a raina daɗi nake ji. Daga ranar aka fara kirana Ciyaman.

Mutum ɗaya ce ta ƙi kirana haka, wato Kaka, mahaifiyar babana. Ita "maigida" take ce mini tun ina rarrafe, irin wasan nan na kaka da jika. In na shiga gida sai ta ce ga mijin da bai taɓa kawo cefane ba, ni kuma in ce saura kaɗan in sake ta in auro mai haƙora. Da ta ji labarin muƙamina ta yi dariya har da tari, ta ce ashe dai ta zama matar sarkin ciyawa.

A bakin rafin da ke bayan zango aka yi lambun. Takardun da wata ƙungiya ta kawo daga Akra "kogi" suka kira shi, amma mu mun san abinmu. Da damina yakan kai wa babba gwiwa, da rani kuwa akuya ma ba ta ɗaukarsa da muhimmanci. A da gefensa juji ne da tsofaffin tayoyi. Aka kwashe sharar, aka shimfiɗa wa unguwa kwalta, aka kafa fitilu masu aiki da hasken rana, aka dasa wata ciyawa da aka ce ba a taka ta. Ba zan yi ƙarya ba, wurin ya yi kyau, kuma na yi ta kai abokaina malamai suna gani kamar ni na haƙa rafin.

To, a rafin nan Kaka take wankin kalwa. Sana'arta daddawa ce, tun zuwanta amarya daga Salaga. Sai an dafa kalwar ta yi laushi, a surfa ta, sannan a kai ta ruwa mai gudu a cikin kwando a yi ta murzawa, ɓawon ya taso ruwa ya tafi da shi. Akwai wani shimfiɗaɗɗen dutse da take tsayawa a kai, har ƙafafunta sun goge shi ya yi santsi. Ita da wasu mata biyar ko shida ne, kowacce ta tattare zane zuwa saman gwiwa. Shi ya sa a zangonmu namijin kirki ba ya kallon rafi. In hanya ta bi da shi ta wurin, yakan yi gyaran murya ya kau da kai. Ba wanda ya taɓa rubuta wannan a takarda, don haka mutanen Akra ba su same shi a bincikensu ba.

Sai ga injiniyan aikin ya dasa kujerun siminti goma sha biyu, dukkansu suna fuskantar ruwa. Ya yi mana bayani cewa a manyan birane mutane kan zauna su yi ta kallon ruwa don ƙwaƙwalwa ta huta. Dattawa suka zo gwaji bayan la'asar, limaminmu a gaba. Ya tattara babbar rigarsa ya zauna, ya ɗaga kai, sai ga ƙwaurin mata shida a gabansa. Ya nemi tsarin Allah ya miƙe. Washegari dattawan suka dawo da buzayensu, suka shimfiɗa a ƙasa bayan kujerun, suka jingina da su, fuskokinsu na kallon titi, inda za a gaisa da masu wucewa a kuma ga wanda ya sayi sabon babur. Saman kujerun kuma mata suka ga ya dace da shanyar barkono da kuɓewa.

Da aka aika hotunan haka Akra, ran masu aikin ya ɓaci. Aka kira taron gaggawa. Ni da hankalina na ce a juya kujerun su kalli titi, a huta. Injiniya ya dube ni kamar na ce a juya masallaci. Ya ce da ƙarfe aka kafe su cikin ƙasa, kuma haka zanen da aka amince da shi ya nuna. Tunda kujeru ba sa motsi, in ji shi, mata su za su motsa. Aka tsayar da magana cewa za a kafa allo a hana wanki kowane iri, kuma ni zan sanar. Na gyaɗa kai na ce za mu wayar musu da kai, wata magana da na tsinta a tarurruka, ina jin daɗin furta ta.

Sauran matan da na gaya musu suka yi guna-guni, suka koma bakin famfo. Saura Kaka. Mako biyu ina shiga gida da niyyar faɗa mata, sai ta tare ni da tsokana, ta ajiye mini tuwo zafi da miyar kuka mai ƙamshin daddawarta, sai maganar ta maƙale. Allon kuwa ta gan shi, ta ce ita ba ta yi boko ba, don haka ba da ita yake ba.

Ana cikin haka aka kawo wani mai zane daga Tamale ya ƙawata bangon ƙofar shiga. Ya zana mace ta sunkuya a ruwa da kwando, daga wani hoto da masu binciken suka ɗauka tun zuwansu na farko. Kaka ce, har da kallabinta mai ruwan ƙasa. Sai dai ya rage mata shekara arba'in, ya mayar mata da haƙoranta duka. A ƙasa aka rubuta da Turanci cewa al'adunmu abin alfaharinmu ne.

Ranar buɗewa aka kafa rumfuna tun da hantsi. Baƙi suka zo daga Akra da Tamale, har da wani mutumin Bawku da ya ce su ma irin wannan suke so a garinsu. An sha fama kafin dattawa su yarda su zauna a kujerun yadda aka yi su, kuma sun yarda ne bisa sharaɗin ba mace ko ɗaya a ruwa. Ni na ɗauki wannan alkawari da bakina. Aka kwashe barkono, aka jera dattawa suna kallon rafi kamar masu jiran mota, ni kuma ina tsaye da sabuwar hula kusa da kirtanin da za a yanka.

Sai ga Kaka ta shigo ta ƙarƙashin hotonta, da kwando a ka. Tun jiya ta dafa kalwar, kuma dafaffiyar kalwa ba ta jiran a gama jawabi. Baƙin suka ɗauka cikin shiri ne, suka fara tafi, wata mata ta ɗaga waya tana ɗauka. Na ga liman ya fara tattara riga zai tashi. Injiniya ya zuba mini ido. Na taka na sha gabanta.

"Maigida, matsa mini," in ji ta tana murmushi. "Kalwata za ta lalace."

Da na sunkuya na raɗa mata a kunne, ko na karɓi kwandon na raka ta can ƙasan rafi inda ba kujera, da an wuce wurin. Amma idanun baƙi suna kaina, kuma hular sabuwa ce. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, "Baiwar Allah, an hana wanki a nan. Dokar kwamiti ce. Ki koma."

Ta daɗe tana dubana. Sannan ta juya ta kalli bangon, ta nuna da haɓa.

"Ita waccan fa?"

"Hoto ne," na ce.

Sai tsohuwar nan, da kwandonta a ka, da gwiwoyinta masu ciwo, ta rusuna mini a gaban jama'a. Ta ce, "Yi haƙuri, Ciyaman. Ban sani ba." Ta juya ta fita. Aka yanka kirtani, aka yi tafi, mutumin Bawku ya riƙe hannuna ya ce irina ake nema a harkar jama'a.

Kwana ɗaya tak dattawa suka yi a kan kujerun. Suka ce sun kalli ruwan, ba su ga komai ba, suka koma bayan kujerun da buzayensu. Barkono ma ya dawo mazauninsa. Dutsen Kaka an shafa masa farin fenti, yanzu amare da angwaye ke hawa kai a ɗauke su hoto. Ita kuwa ta koma wanki a baho a bakin famfo, amma ruwan baho ba ya tafiya da ɓawo, sai ta sake ruwa sau bakwai bayanta na ciwo, daddawar kuma ta ƙi yin yadda take so. Damina ɗaya ta jure, ta ba wata maƙwabciya kwandon.

Na ba ta haƙuri, ta ce ba komai. Na ajiye shugabancin, har na aika aka gaya mata. Ban taɓa jin kunyar wani abu a rayuwata kamar wannan ba, kuma ita ba ta taɓa tayar da maganar ba, ko da wasa. Ranar Juma'ar da ta wuce na ciko leda da nama da albasa da tumatir, na yi sallama, na ce yau dai ga mijin ya kawo cefane, sai a fasa kai ƙararsa. Na tsaya ina jira ta ce mini wani abu a kan rowata, ko ƙatuwar hulata, ko me ma.

Ta miƙe da ƙyar, ta shiga ɗaki ta ɗauko sabuwar tabarmar da ake shimfiɗa wa baƙi, ta shimfiɗa mini.

"Sannu da zuwa, Ciyaman," ta ce. "A kawo ruwa?"